Amsa ga ɗan'uwan da lauyansa ya miƙa wa nas fayil ɗinsa na asibiti

Wa alaikumus salam. Malam da farko sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi ya sa kaffara ne. Tun jiya na ga tambayarka ina bakin aiki, sai yanzu na samu zama. Ka ce wata biyar ke nan da mota ta buge ka ta baya a nan Texas, har yau bayanka bai bar ciwo ba, ka ɗauki lauya shi kuma ya ce ya ba wata nas takardun asibitinka ta duba, abin ya ɗaure maka kai, wai me ya haɗa nas da shari'a, me ya sa ba likita ba, kuma anya ba wata dabarar cin kuɗinka ba ce. To ni nas ce a Houston, kuma wannan aikin da kake tambaya shi nake yi a gefe ranakun da ba ni da duti, bari in faɗa maka yadda yake daga ciki.

Lauya doka ya karanta, bai karanta jikin mutum ba. Ranar da takardunka suka iso ofishinsa ba wani ɗan kati ba ne irin wanda muka saba riƙewa a gida, tuli ne, na masu motar asibiti daban, na emajensi daban, na masu ɗaukar hoto, na gashin ƙashi, na famasi, na likitanka na kullum, ga kuma na masu lissafin kuɗi, duk a cakuɗe, wani shafin ya maimaitu sau huɗu wani kuma babu shi sam. Ɗan ƙaramin hatsari sai ka ga shafi ɗari bakwai, wanda ya kwanta a asibiti kuwa dubbai ne. Abin da nake fara yi in tabbatar kowane shafi na da lamba, sannan in jera labarin bi da bi, rana kaza ƙarfe kaza wa ya gan ka, me ka ce yana damunka, me aka gani, me aka yi maka, a shafi na nawa. A nan ne ɓaraka take fitowa, likita ya rubuta ya duba hoton MRI, wato hoton cikin jiki da na'ura ke ɗauka, amma rahoton hoton ba ya cikin fayil, ko an caji kuɗin gashi sau goma sha biyu amma rubutun takwas kawai aka aiko, sai in ce wa lauya ya koma ya nemo sauran.

Amma gaskiya jerawar ba ita ce aikin ba, wannan ko sakatare mai haƙuri zai yi. Aikin shi ne in karanta fayil ɗinka da idon kamfanin inshorar wanda ya buge ka kafin su su karanta, don su ma suna da nasu nas-nas ɗin da aka ajiye don nemo layi ɗaya da zai rage maka diyya.

Bari in ba ka misali, na sauya wasu abubuwa saboda sirrin mai shi. Wani dattijo ne ɗan wajenmu, an buge shi a mahaɗar hanya, aka kai shi emajensi. Nas ta tambaye shi yaya jiki, kasan halinmu, mutum ko yana mutuwa ka ce masa ya jiki zai ce da sauƙi alhamdulillahi, haka ya mayar mata da Turanci cewa lafiya lau an gode Allah. Ta ce daga sifili zuwa goma ciwon nawa ne, ya ce biyu, wai kar ya zama mai raki a gaban mace. Ita kuwa baiwar Allah abin da ta ji ta rubuta, ciwo biyu cikin goma, bai yi ƙorafin wuya ba. Bayan kwana uku wuya ya ƙi juyawa. Inshora suka riƙe wannan layin gam, suka ce ai da bakinsa ya ce ƙalau yake, ciwon wuyan daga baya ya samo shi wani wajen. Na zauna dare guda da shayina ina bin shafukan nan, can cikin takardar da ake rubuta magungunan da aka ba mara lafiya na ga ba a yi awa ɗaya ba aka yi masa allurar kashe raɗaɗi, kuma wata nas ɗin daban ta rubuta cewa yana tallabe wuyansa da hannu in zai tashi, sannan takardar masu motar asibiti ta nuna tun a titi suka maƙala masa abin nan mai hana wuya motsi. Wa zai yi wa mai ciwo biyu cikin goma wannan allurar? Lauya ba zai taɓa buɗe takardar magani ba, bai ma san me gajerun haruffan ke nufi ba, mu kuwa mu muke cike ta kullum. Shi ya sa ake ba nas ba likita ba, da yawa daga abin da ke cikin fayil hannun nas ne ya rubuta shi, kuma kuɗin awar likita ya ninka namu nesa ba kusa ba.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne, tunda ciwon baya ne. In ka taɓa zuwa asibiti da ciwon baya kafin hatsarin nan, ko sau ɗaya ne shekara huɗu da suka wuce, faɗa wa lauyanka yau, kar ka ɓoye. Inshora za su nemi tsofaffin takardunka kuma za su gani, ran wanka ba a ɓoye cibi. Ga shi kuma yawancin mutanen da suka fara manyanta in aka ɗauki hoton bayansu za a ga ƙasusuwan sun fara cinyewa, ballantana wanda ya yi shekaru yana tuƙi ko ɗaukar kaya, su kuma kalmar nan ta tsufan ƙashi ita suke fara nema a rahoto. Tsohon ciwo ba ya kashe shari'a, akwai ƙa'idar da lauyoyin Amurka ke yi wa laƙabi da ƙoƙon kai mai kama da ɓawon ƙwai, ma'ana wanda ya buge ka yadda ya same ka haka zai ɗauke ka, in ya ƙara maka ciwo a kan wanda kake da shi zai biya ƙarin. Aikina in ajiye kafin da bayan gefe da gefe, misali da can baya ne kawai yake riƙewa ka sha magani ka tafi aiki, yanzu ciwon yana sauka har ƙafa tana sagewa ba ka iya ruku'u sai a zaune kake salla. Abin da yake kashe shari'a shi ne ka rantse ba ka taɓa ciwon baya ba sannan a ajiye maka shafin a gabanka.

Sai giɓi. Mutanenmu sun iya wannan, a fara gashi sati uku, a ji ɗan dama-dama, sai a tafi gida biki ko a ce bari azumi ya wuce, wata biyu shiru, wani ma a can gida ya je wajen mai ɗori wanda ba rasit ba takarda. A idon inshora wata biyun nan warkewa ka yi. In dole ta sa ka tsaya, ka faɗa wa likita dalili ya rubuta, in kuma a gida aka duba ka to ka taho da takarda mai kwanan wata da hatimi. Mu a aikin jinya tun muna makaranta ake nanata mana cewa abin da ba a rubuta ba ba a yi shi ba, a kotu ma kusan haka ne.

Ka kuma sani ba ni ce zan tsaya gaban alƙali in ce hatsarin ne ya jawo ciwon ba, wannan maganar likita ce, a ƙarar sakacin asibiti ma dokar Texas ta fito fili ta ce sai likita. Ni a bayan fage nake, in gaya wa lauya wane irin likita zai nema da tambayoyin da zai yi masa, wani lokacin ma in ce masa wannan fayil ɗin ba shi da ƙarfin da kake zato.

Maganar kuɗi ba zan yi maka rufa-rufa ba, yawanci daga aljihunka zai fita a ƙarshe. Lauyoyin hatsari kaso suke ɗauka in an ci, galibi kashi ɗaya cikin uku, ya kan kai kashi 40 cikin ɗari in an shiga kotu, sannan a cire kuɗin ɗawainiya wanda ladan nas yana ciki. Ka ɗauko yarjejeniyar da ka sa wa hannu ka karanta wajen, ka tambaye shi nawa take caji. Sai dai sau da yawa tana maido kuɗinta, don inshorar lafiyarka da ta biya maka asibiti za ta zo neman a mayar mata daga cikin diyyar, kuma na sha ganin sun cusa kuɗin gwajin ciwon suga ko hawan jini da ba ruwansu da hatsari, mu muke tsince su a fitar.

Sirri kuma akwai dokar HIPAA ta 1996 mai kare bayanan lafiyar mutum a Amurka, galibi ba wanda zai ba lauya takardunka sai da sa hannunka. Kai ma kana da ikon neman kwafinka, kwana 30 dokar ta ɗibar wa asibiti su amsa, in ka ga kuskure ka nemi gyara a rubuce, ba sa gogewa, ƙari suke liƙawa. 

Malam a Texas shekara biyu ce wa'adin shigar da irin ƙararka daga ranar hatsari, wata biyar sun riga sun tafi. Kafin ka koma wajen lauyan ka zauna da uwargida ku rubuta sunan duk asibiti da kilinik da famasin da ka taɓa zuwa a ƴan shekarun nan, har wanda kake jin kunyar faɗa, ka ce ya miƙa wa nas ɗin. Kuma gobe in mai gashi ya tambaye ka ciwon nawa ne cikin goma, in bakwai ne ka ce bakwai.