Shin mota mai tuƙa kanta tana isa a kan lokaci?

Tambaya: Na ji an ce motocin da ke tuƙa kansu suna riƙe gudu ɗaya, ba sa fizga. Ke nan idan ta ce za mu isa cikin minti 20, in dogara da maganarta?

Amsa: Batun riƙe gudu gaskiya ne, kuma amfaninsa ya fi yadda ake zato. Ƙafar ɗan Adam ba ta iya zama daram a kan totur. A 2008 masu bincike a Japan suka wallafa wani gwaji: motoci 22 a kan hanya mai zagaye, tsawonta mita 230, aka ce kowa ya tafi da kilomita 30 a awa. Ba danja, ba shinge, amma ba a jima ba cunkoso ya haɗu. Wani ya ɗan taɓa birki, na bayansa ya taka fiye da shi, na can baya ya tsaya cak. Da aka sake irin gwajin a Tucson ta Amurka, aka saka mota ɗaya tak da kwamfuta ke sarrafa gudunta. Ita kaɗai ta kwantar da wannan tsaya-tafi, har man da motocin ke sha ya ragu. Wannan sakamakon yana burge ni ƙwarai, domin har waɗanda ba su hau ta ba sun amfana.

Lokacin isa kuwa magana ce daban. Motar ba ta wuce ƙa'idar gudu, ba ta kutse, don haka sau da yawa direba mai gaggawa zai riga ta. Waymo, kamfani mai irin waɗannan motoci, ya buɗe wa jama'a tasi marar direba a birnin Phoenix na Amurka tun 2020, amma sai ƙarshen 2025 motocinsa suka fara hawa manyan titunan gudu da fasinja.

Abin da ya fi ɓata lissafi shi ne abin da ba ta saba gani ba: aikin hanya, ɗan sanda yana ba da hannu, ruwan sama mai ƙarfi da ke rufe wa kyamara ido. Idan ta rasa tabbas sai ta dakata, wani lokaci ta jira ma'aikacin kamfani ya duba daga nesa. Direba zai leƙa ya ratse cikin daƙiƙa biyar, ita tana iya cin mintuna.

A hanyar da ta sani, rana lafiya lau, minti 20 ɗinta abin dogaro ne. In jirgi za ka kama, ko hadari ya haɗo, ƙara minti 15 a kai.