Tambaya da Amsa: Me ya sa Indiya ke sayen jiragen yaƙi a waje alhali tana ƙera nata?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina yawan jin labarin cewa Indiya ta sayi jiragen Rafale daga Faransa a kan kuɗi masu ɗimbin yawa, kuma sojojinta na sama na kukan ƙarancin jirage. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ƙasar nan ta sauke kumbo a duniyar wata a 2023, tana da makamin nukiliya, an kuma ce tana da jirginta na gida mai suna Tejas. To me ya hana ta wadata kanta? Rashin kuɗi ne, ko cin hanci, ko rashin fasaha? Na gode, Allah ya ƙara basira. Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, amin, na gode. Duka abubuwa ukun da ka lissafa suna da hannu, amma babu ɗaya a cikinsu da ya kai wannan nauyi: Indiya tana son taura biyu a baki ɗaya. Tana son jirage yau-yau saboda Pakistan da Sin da ke maƙwabtaka da ita, tana kuma son kowace kwangila ta zama makarantar da za ta koyi ƙera jirgi da kanta. Duk lokacin da waɗannan buƙatu biyu suka yi karo, lokaci ne ke tafiya, tsofaffin jirage kuma ba sa jira.

Mu fara da girman giɓin. Gwamnatin Indiya ta amince rundunar sojin sama ta riƙe sikwadiron 42 na jiragen yaƙi, kowane sikwadiron yana da jirage 16 zuwa 18. Da aka yi bikin sallamar jirgin MiG-21 a Chandigarh ranar 26 ga Satumban 2025, adadin ya sauka zuwa wajen 29. Shi MiG-21 ɗin nan ƙirar Tarayyar Sobiyet ne, ya shiga aiki a Indiya tun 1963. Ka ga jirgin da ya yi shekara sittin da ɗoriya yana tashi, ya ci rayukan matuƙa da yawa a haɗurra, kuma da shi aka fita gumurzu da Pakistan a Fabrairun 2019, inda aka harbo wanda Abhinandan Varthaman ke tuƙawa. Babu rundunar da ke riƙe jirgi irin wannan don tana so. Wanda zai gaje shi ne bai iso ba.

Labarin Rafale shi ya fi nuna yadda abin yake, don haka bari in ɗan tsaya a kansa. A watan Agustan 2007 Indiya ta buɗe gasar sayen jirage 126. Jirage shida suka shiga: F-16 da F/A-18 daga Amurka, MiG-35 daga Rasha, Gripen daga Suwidin, Typhoon na haɗin gwiwar ƙasashen Turai, sai Rafale na kamfanin Dassault na Faransa. Sojojin sun yi gwaji na gaske. An kai jiragen hamadar Jaisalmer inda zafi ke narka kwalta, an kuma kai su Leh a cikin tsaunukan Himalaya, filin da ke sama da mita 3,000 daga doron teku. A Leh iska ba ta da kauri, injin ba ya samun abin shaƙa yadda ya saba, fukafukai ba sa samun abin dogara sosai. Jirgi ya kwana a waje cikin sanyin ƙanƙara, da safe a ce ya tayar da injinsa, ya ɗauki makamai, ya tashi kafin titin ya ƙare. Wannan gwajin ba ado ba ne, domin iyakar Indiya da Sin a irin wannan wurin take. A 2011 aka tace saura biyu, Rafale da Typhoon, a Janairun 2012 aka ce Rafale ne mafi araha.

Daga nan aka shiga kwan-gaba kwan-baya. Tsarin shi ne Faransa ta kawo jirage 18 a shirye, ragowar 108 kuma kamfanin gwamnatin Indiya, HAL, ya haɗa su a gida. Indiya ta ce Dassault ne zai ɗauki alhakin inganci da lokacin kammala har waɗanda HAL zai haɗa. Dassault ya ce ba zai tsaya wa aikin masana'antar da ba shi ke tafiyar da ita ba. A ganina kowa da gaskiyarsa a nan. Wanda ya biya kuɗi yana son a sami wanda zai riƙe idan abu ya lalace, shi kuma tela ba ya yarda ya amsa laifin rigar da aka ɗinka a shagon wani. An kuma yi saɓani a kan yawan awannin aikin da HAL zai buƙata, wanda ya ɗaga farashi. Shekara uku ana jan magana.

A Afrilun 2015 Firaminista Narendra Modi ya je Paris ya sanar da cewa Indiya za ta sayi jirage 36 kawai, dukansu ƙirar Faransa, gwamnati da gwamnati. Aka soke tsohuwar gasar, aka sa hannu a Satumban 2016 a kan Yuro biliyan 7.87. Biyar na farko sun sauka a sansanin Ambala ranar 29 ga Yulin 2020, na ƙarshe ya iso a Disamban 2022. Lissafa da kanka: daga 2007 zuwa 2022, an nemi 126, an sami 36, ba a kuma sami masana'antar da aka yi ta jayayya a kanta ba.

Game da tsadar da ka ambata, mutane da yawa sukan raba biliyan 7.87 gida 36 su ce kowane jirgi ya haura Yuro miliyan 200. Lissafin daidai ne, amma abin da aka saya ya wuce gangar jirgi. A ciki akwai makamai masu linzami na Meteor da ke harbo jirgi daga nesa da SCALP da ke kai hari ƙasa, akwai gyare-gyare 13 da Indiya ta nema don yanayinta, akwai kayan gyara, horar da matuƙa da makanikai, da alƙawarin cewa kashi 75 cikin ɗari na jiragen za su kasance a shirye a kowane lokaci na tsawon shekara biyar. Kuɗin jiragen su kaɗai bai kai rabin jimillar ba. Wannan sharaɗi na kashi 75 shi na fi ba muhimmanci, domin jirgin da ke ajiye a rumfa yana jiran wani ƙaramin ƙarfe daga waje, a takarda kawai ake ƙirga shi.

Sai maganar cin hanci. Jam'iyyar adawa ta Congress ƙarƙashin Rahul Gandhi ta ɗauki batun Rafale ta shiga da shi yaƙin neman zaɓen 2019, tana zargin an yi aringizon farashi, an kuma fifita kamfanin ɗan kasuwar Indiya Anil Ambani a ayyukan da Dassault zai mayar da wani kaso na kuɗin cikin Indiya. Kotun Ƙoli ta yi watsi da ƙararrakin a Disamban 2018, ta sake yin haka a Nuwamban 2019. Babban mai binciken kuɗi na ƙasar ya ce a rahotonsa na Fabrairun 2019 cinikin ya fi tayin 2007 sauƙi da kashi 2.86 cikin ɗari, ko da yake ya nuna an sassauta wa Dassault a kan lamunin banki. Abin da ya fi wannan tasiri shi ne tsoron da tsofaffin badaƙaloli suka dasa. Badaƙalar manyan bindigogin Bofors ta ƙarshen shekarun 1980 ta taimaka wajen kayar da gwamnatin Rajiv Gandhi a 1989. A 2014 an soke kwangilar jirage masu saukar ungulu na AgustaWestland saboda zargin toshiyar baki. Jami'in da ya ga haka ya san cewa jinkirta fayil ba ya kai mutum kotu, sa hannu kuwa yana iya bin sa har bayan ritaya. Saboda haka kowace takarda sai ta bi matakai: majalisar sayen kayan tsaro ta yarda akwai buƙata, a nemi bayanai daga kamfanoni, a nemi tayi, a yi gwaji, a zauna ciniki, sannan kwamitin tsaro na majalisar ministoci ya sa albarka. A kowane mataki ana iya yin shekara.

Kuɗi ma akwai matsi, amma ba irin wanda ake zato ba. Kasafin tsaro na 2025 zuwa 2026 ya kai Rupi tiriliyan 6.81, sai dai abin da aka ware don sayen sababbin kayan yaƙi na sojin ƙasa da na ruwa da na sama gaba ɗaya, haɗe da bincike da gine-gine, wajen tiriliyan 1.8 ne. Fansho kaɗai ya lashe kusan tiriliyan 1.6.

Yanzu ga Tejas, kuma nan ne zuciyar tambayarka take. An amince da shirin a 1983 don a maye gurbin MiG-21. Bai tashi ba sai 4 ga Janairun 2001, bai shiga sikwadiron ba sai Yulin 2016. A tsakani takunkumin da Amurka ta ƙaƙaba bayan gwajin nukiliya na 1998 ya katse taimakon da ake samu a kan na'urar sarrafa jirgin ta kwamfuta, injiniyoyin Indiya suka ƙarasa da kansu. Wannan abin yabo ne, kuma jirgin da ya fito jirgi ne na gaske. Amma injin da ke cikinsa na kamfanin General Electric ne na Amurka, samfurin F404. Indiya ta yi ƙoƙarin ƙera nata mai suna Kaveri, ya zo da nauyi fiye da kima, ƙarfinsa bai kai yadda ake so ba, a 2008 aka raba shi da shirin Tejas.

Za ka ce wanda ya iya roka ai injin jirgi ba zai gagare shi ba. Ayyukan biyu sun bambanta. Injin roka yana ci na 'yan mintoci ne a yar da shi. Injin jirgin yaƙi kuwa ana son ya yi dubban awanni, matuƙi ya taka shi ya sassauta sau ba adadi, ya sha ƙura da ruwan sama, gobe kuma ya sake tashi. Ka ɗauki ɗan fiffike ɗaya na farfelar da ke bayan ɗakin ƙona mai, wanda bai wuce tafin hannu ba. Iskar da ke dukansa ta fi zafin da ke narkar da ƙarfen da aka yi shi da shi, yana kuma juyawa sau dubbai a minti ɗaya. Abin da ke hana shi narkewa shi ne an zuba shi a matsayin ƙwaya ɗaya tak ta ƙarfe wadda babu gaɓa a cikinta, an huda masa ƙananan kafofi da iska mai ɗan sanyi ke fitowa ta lulluɓe shi, an kuma shafe shi da wani siririn rufi irin na tangaran. Wannan ilimi a hannun ƙasashe ƙalilan yake, irin su Amurka, Ingila, Faransa, Rasha, sai Sin da ta kashe shekaru da dukiya kafin ta kamo. Babu mai bayar da shi cikin daɗin rai, ko nawa aka biya.

Illar wannan dogaro ta fito fili kwanan nan. A Fabrairun 2021 aka ba HAL kwangilar Tejas 83 na ingantaccen samfurin Mk1A a kan Rupi biliyan 480, da nufin a fara miƙawa a farkon 2024. General Electric ya makara, injin farko bai iso ba sai Maris na 2025. Har ranar da aka sallami MiG-21 ba a miƙa wa sojoji ko guda ɗaya na sabon samfurin ba. Babban hafsan sojin sama, A. P. Singh, ya fito ƙarara a bikin baje kolin jirage na Bengaluru a Fabrairun 2025 ya nuna wa jami'an HAL rashin gamsuwarsa. Ban ga laifinsa ba, domin shi ne zai tura yaran mutane sama idan an yi rikici. Duk da haka a Satumban 2025 gwamnati ta ƙara odar wasu 97.

Kada ka ɗauka ba a koyi komai ba. Jiragen dakon kaya na C-295 sun bi wata hanya dabam: an sa hannu a kan 56 a 2021, kamfanin Airbus ya kawo 16 daga Sifaniya, kamfanin Tata mai zaman kansa zai haɗa 40 a Vadodara, inda aka buɗe masana'antar a Oktoban 2024. Karo na farko ke nan da aka ba ɗan kasuwa haɗa jirgin soja gaba ɗaya, HAL ya sami kishiya. A Afrilun 2025 an sayi Rafale 26 na sojin ruwa don jirgin ruwan dakon jirage na INS Vikrant, kuma wannan zaɓi yana da hikima, tun da makanikai da kayan gyara da makamai za su yi tarayya da na sojin sama. Rundunar da ke riƙe da Sukhoi-30 da MiG-29 na Rasha, da Mirage 2000 da Rafale na Faransa, da Jaguar, da Tejas, ta san wahalar tara jirage iri-iri. Dogaro da Rasha ma ya ragu sosai: alƙaluman cibiyar SIPRI mai bibiyar cinikin makamai a duniya sun nuna kason Rasha a makaman da Indiya ke shigowa da su ya faɗo daga kashi 72 a 2010 zuwa 2014, zuwa kashi 36 a 2020 zuwa 2024.

Arangamar da aka yi da Pakistan a Mayun 2025 ta ƙara wa batun zafi. Pakistan ta ce ta harbo jiragen Indiya da J-10C ƙirar Sin, babban hafsan tsaron Indiya Anil Chauhan ya amsa cewa an yi asarar jirage amma bai faɗi adadi ba, ya kuma musanta lissafin Pakistan. Darasin da masana suka fi tsayawa a kai shi ne yaƙin sama na yau na rada ne da makami mai dogon zango da yadda jirage ke musayar bayanai, sunan jirgi shi kaɗai ba ya cin yaƙi.

Ra'ayina, Malam, Indiya ta yi daidai da ta nace sai ta ƙera nata, kuskurenta shi ne ta ɗaura buƙatar gaggawa a wuyan dogon buri. Da ta raba su tun 2012, ta sayi abin da zai toshe giɓin nan take, ta zuba kuɗi dabam a kan injin, da sikwadiron ɗinta ba su sauka zuwa 29 ba. Neman bayanai kan wasu jirage 110 (daga baya aka mayar da su 114) da aka fitar tun Afrilun 2018 ya kai ƙarshen 2025 ba a sa hannu ba. Shirin AMCA, jirgin da Indiya ke son ƙerawa a gida wanda ba ya bayyana a rada cikin sauƙi, an amince da shi a Maris na 2024, amma sai tsakiyar shekarun 2030 ake sa ran shigarsa aiki, kuma a daidai lokacin ne Jaguar da Mirage 2000 da MiG-29 za su riƙa yin ritaya. Idan kana bibiyar labaran, ka sa ido a kan abu biyu: Tejas nawa HAL ke miƙawa a zahiri kowace shekara, tun da ya ce zai iya 24, da kuma ko yarjejeniyar haɗa injin F414 (magajin F404) a Indiya, wadda aka fara maganarta da General Electric a Yunin 2023, za ta haɗa da fasahar wannan ɓangare mai zafi na injin.