Tsoka Ta Tsiro Cikin Da'amar Zuciyar Mahaifina, Wanne Za Mu Zaɓa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Daga Shara Mansur a Makka nake rubutowa. Shekara 8 da suka wuce aka sanya wa mahaifina da'ama mai magani (ragar da ke riƙe jijiya a buɗe, wato stent) a jijiyar zuciya, ga shi kuma da ciwon suga. Kwanan nan ƙirjinsa yana ɗaurewa idan yana ɗawafi, da aka yi masa ƙasɗara (zura siririn bututu a ɗauki hoton jijiyoyin zuciya) sai likita ya ce tsoka ta tsiro a cikin da'amar. An ba mu zaɓi biyu, ko sabuwar da'ama a cikin tsohuwar, ko balan-balan mai magani. Shin ta farkon ce ba ta da inganci?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa, Allah Ya ba Baba lafiya. Abin da ya faru ba ya nuna cewa an sayar muku da marar inganci. Ita da'ama ragar ƙarfe ce, kuma jiki yana ɗaukarta tamkar rauni, sai ya yi ta gina tsoka a kanta. Ana son hakan daidai gwargwado, domin ƙarfen da bai rufu ba yana iya jawo daskarewar jini. A zamanin da'ama marar magani, kimanin kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na jijiyoyin sukan sake ƙuntata, amma tun da aka amince da da'amar Cypher mai maganin sirolimus a Turai a 2002, sannan irin su Xience suka biyo baya, adadin ya sauka ƙasa da kashi 10. Sai dai maganin yana ƙarewa cikin watannin farko, ƙarfen kuwa yana nan har ƙarshen rayuwa, don haka tsokar takan ci gaba da kauri a hankali, wani lokaci kitse ya taru a cikinta, musamman ga mai ciwon suga.

Shawarata, kafin a yi maganar kuɗi ko sunan kamfani, ku tambayi likita dalilin ƙuntatar, ku kuma nemi a leƙa cikin jijiyar da na'urar IVUS ko OCT, domin hoton ƙasɗara kaɗai ba ya bayyana komai. Idan aka ga tun farko da'amar ba ta buɗe sosai ba, to aikin farko shi ne a buɗe ta da kyau, in ba haka ba duk abin da aka sanya zai koma gidan jiya. Bincike ya nuna cewa sabuwar da'ama ta ɗan fi balan-balan rage buƙatar sake aiki, amma tana ƙara ƙarfe a kan ƙarfe. Shi balan-balan yana shafa maganin a bangon jijiya ne a fitar da shi, shi ya sa likitoci sukan karkata gare shi idan jijiyar siririya ce ko kuma an riga an jera da'ama biyu a wuri guda.

Ku tambaya kuma tsawon lokacin da Baba zai sha magungunan hana daskarewar jini, wato asfirin tare da Plavix ko makamancinsa, wanda bayan sabuwar da'ama yakan kai wata 6 zuwa 12, kuma kada ya dakatar da su saboda cire haƙori ba tare da izinin likitan zuciya ba. Kafin ranar aikin, ya yi ɗawafi a keke, idan kuwa ciwon ya zo masa yana zaune, ku kira motar asibiti a 997 nan take.