Amsa kan raba ƙwayar magani tsakanin jika da kaka

Assalamu alaikum 'yar'uwa. Kin tambaya ko babu laifi ki ɓara ƙwayar ciwon jiki da kika saya a kemis a Ringim ki ba ɗanki mai shekara 2 rabi, surukarki kuma ta sha guda. Ina aikin jinya a wani ƙaramin asibitin ƙauye, kuma ina roƙonki da kada ki yi haka.

Da nauyin jiki ake auna wa yaro magani, ba da ido ba. Farasitamol, alal misali, miligiram 15 ake bayarwa ga kowane kilo, kuma ba a wuce sau 4 a yini domin yawansa yana lalata hanta. Saboda haka ki kai shi a ɗora shi a sikeli, ki nemi na ruwa, ki auna da ma'aunin da ya zo da kwalbar maimakon cokalin shayi. Asfirin kuwa ba a ba wanda bai kai shekara 16 ba. Idan jikinsa da zafi, a fara yin gwajin maleriya.

Batun Inna, surukarki, ya fi damuna. Ƙodar tsoho ba ta fitar da magani da sauri kamar ta matashi, kuma magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen suna iya jawo gyambon ciki har ya zubar da jini, su kuma tayar da hawan jini. Ki tattara duk abin da take sha a leda, har da jiƙo da sassaƙe, ki nuna wa ma'aikacin lafiya kafin ta ƙara haɗiyar komai. Allah ya ba su sauƙi.