Tambayoyinku: Inshorar gidana tun 2018, sai na ƙara adadin?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Maigidana, Allah ya jiƙansa, shi ya sa gidanmu a inshora a 2018. Tun bayan rasuwarsa nake sabuntawa duk shekara, ban taɓa canza adadin kuɗin da ya sa gidan a kai ba. A 2021 na ƙara ɗaki da banɗaki, na sa tayil. Bana wakilin kamfanin ya ce adadin ya yi kaɗan, in ƙara, amma kuɗin da nake biya zai hau. Ni gani nake kuɗina kawai yake so. Me ka gani? Wata mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya jiƙan maigida, ya kyauta makwancinsa. Wakilin yana da nasa amfanin a ciki, ba musu, amma wannan karon gaskiya ya faɗa miki, kuma wasiƙarki ta tayar mini da hankali.

Ɗauko takardar inshorar, ki duba layin da aka rubuta jimillar kuɗin da aka sa gidan a kai. Wannan adadin ba kuɗin da gidan zai yi a kasuwa ba ne, domin fili ba ya ƙonewa. Abin da za a kashe ne a sake tayar da ginin tun daga tushe: siminti, rodi, katako, kwano, wayar lantarki, ladan magina da kafintoci. Mutane kan manta da kuɗin rushe abin da ya saura da kwashe ɓaraguzai, da na mai zanen gida da injiniya. Tun annobar korona a 2020 kayan gini suka yi tashin gwauron zabi a duniya, adadin 2018 kuwa yana nan inda maigida ya bar shi. Ɗakin da kika ƙara ma kamfanin bai san da shi ba.

Ga inda abin yake da ciwo. Yawancin mutane suna zaton in ɓarnar ba ta kai adadin da ke takarda ba, za a biya su cif. Takardu da yawa suna da sharaɗin da ke cewa in gidan na kan kashi 60 cikin 100 na ainihin kuɗin sake gina shi, to kashi 60 na kowace ɓarna za a biya, babba ko ƙarama. Wani bawan Allah ya taɓa zuwa wurina bayan gobara ta cinye masa kicin da rufin ɗaki biyu. Takardun na cikin leda, har lokacin suna warin hayaƙi. Bai taɓa fashin biya ba ko sau ɗaya. Da muka zauna muka buga lissafi, abin da zai samu bai wuce rabi da kaɗan ba. Ya daɗe yana kallon takardar bai ce uffan ba. Har damina ta shigo tampol ne a kan ɗakunan.

In bala'in ya shafi unguwa guda abin ya fi muni, domin kowa na neman magina lokaci ɗaya, farashi ya ƙara hawa. Haka aka gani a jihar Kolorado ta Amurka, inda gobarar Disamba 2021 ta ƙone gidaje fiye da 1,000, da yawa daga masu su suka tarar inshorarsu ba za ta sake gina musu gidajen ba.

Kada ki karɓi adadin wakilin ido rufe. Nemi ƙwararren mai ƙiyasin gini ya zagaya gidan, ya rubuto miki kuɗin sake gina shi a farashin yau. Ki sanar da kamfanin ɗakin da banɗakin a rubuce. Ki tambaye su ko adadin yana hawa da kansa duk shekara bisa tsadar kaya, da ko za su biya hayar inda za ku zauna kafin a gama gyara. In kuɗin ya yi miki nauyi, ki nemi a ƙara kason da za ki ɗauka da kanki in ɓarna ta faru, wannan yakan rage abin biya, amma kada a taɓa jimillar.

Yau ɗin nan ki ɗauki hoton kowane ɗaki, ki haɗa da rasit ɗin aikin 2021, ki ajiye kwafi a wajen wani ɗan'uwa, ba a cikin gidan ba.