Mai Sallah a Kan Kujera, Ya Halatta Ya Koma Iyo?

Tambaya:

Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni mutumin Yawuri ne, a bakin Kwara na tashi, tun ban kai shekara goma ba nake iyo. Aikin gwamnati ya kawo ni Kaduna, na yi kusan shekara 35 rabona da shiga ruwa. Yanzu shekaruna 64, ciwon gwiwa ya sa ni gaba, har sallah a kan kujera nake yi. Likitan gashin ƙashi ya ce in riƙa shiga ruwa sau biyu ko uku a mako. Da na fara, sai wani maƙwabcina da muke sahu ɗaya ya ce wanda ya iya iyo ba shi da uzurin sallah a zaune, kuma bai kamata dattijo kamata ya koma wasan yara ba. Maganar ta tsaya mini a rai. In ci gaba ko in bari? Yaya kuma zan yi da azumi?

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Alhaji, Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Ka ci gaba da shiga ruwanka, halal ne, kuma da kyakkyawar niyya ana fatan lada a ciki.

Iyo ba wasan banza ba ne a Shari'a. Nasa'i da Ɗabarani sun ruwaito hadisin da Manzon Allah (SAW) ya ce duk abin da ba ambaton Allah ba wargi ne, sai abubuwa huɗu, ya lissafa koyon iyo a cikinsu. Sayyidina Umar ma ya rubuta wa Abu Ubaida cewa a koya wa yara iyo. Ita dai maganar nan da ta yaɗu, "ku koya wa 'ya'yanku iyo da harbi da hawan doki", ba ta inganta daga bakin Annabi ba, kada a jingina masa ita. Babu kuma inda aka ce in furfura ta fito halaccin ya ƙare.

Kai ma ba nishaɗi ya kai ka ba, magani ka je nema. A hadisin Usama bin Sharik da Abu Dawud da Tirmizi suka fitar, Annabi (SAW) ya ce bayin Allah su nemi magani, domin Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta, in ban da guda ɗaya, tsufa. Shekarun nan 64 babu likitan da zai rage maka su. Amma sanƙarewar gwiwa da raunin cinya da suka biyo bayansu ana iya sassauta su, kuma jikinka yana da haƙƙi a kanka, kamar yadda Annabi ya faɗa wa Abdullahi bin Amr.

Maganar maƙwabcinka ita ce ta fi damuna, domin irinta takan sa mara lafiya ya bar maganinsa saboda kunyar mutane. Ina kyautata zaton kishin sallah ne ya sa shi, amma ƙiyasinsa bai daidaita ba. Wanda ya tsaya a kan tabarma, gwiwoyinsa biyu ke ɗauke da nauyinsa duka. Idan ya shiga ruwa iya ƙugu, kusan rabin nauyin ne ya rage a kansu, in ruwan ya kai wuya kuwa ɗan kaɗan ne ya saura. Dalilin da ya sa likita ya tura ka ruwa ke nan, bai ce ka je filin ƙwallo ka yi gudu ba. Sujada tana buƙatar ka naɗe gwiwa sarai, ka ɗora mata nauyi, sannan ka yunƙura ka miƙe. Iyo ba ya buƙatar ko ɗaya daga ciki. Annabi (SAW) ya ce wa Imrana bin Husaini, mai fama da basur, ya yi sallah a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kishingiɗe. Abin dubawa shi ne ikon yin rukunin kansa, ba ikon yin wani aiki daban ba. Mai ciwon kuma shi ya san inda yake masa zogi, amana ce tsakaninsa da Ubangijinsa.

Sai dai zan ja hankalinka ga wani abu da masu kujera da yawa suke sakaci da shi. Tsayuwa don kabbarar harama da karatun Fatiha farilla ce mai zaman kanta a sallar farilla. Idan kana iya tsayuwa, ko da dogara sanda ne, sujada ce kawai ta gagare ka, to ka tsaya ka yi kabbara da karatu, ka yi ruku'u gwargwadon iko, sannan ka zauna ka yi nuni da sujada. Rangwame yana tafiya ne da uzuri. Ranar da Allah ya sa shiga ruwan nan ya warware maka gwiwa har goshinka ya iya kaiwa ƙasa, ka ajiye kujerar. Ka sanya wannan ya zama niyyarka duk lokacin da za ka shiga.

Akwai sharuɗɗa. Al'aurar namiji daga cibiya ce zuwa gwiwa, ka nemi wando mai kauri da ya rufe nan, wanda ba ya bayyana fata in ya jiƙe. Ibn Abi Zaid ya faɗa a Risala cewa namiji ba ya shiga gidan wankan jama'a sai da gyauto, mace kuma ba ta shiga sai don lalura, hukuncin wuraren ninkaya na yau daga nan ake ɗaukarsa. Wurin da maza da mata suke cakuɗuwa cikin tsiraici, kamar yadda ake gani a wasu otal, ka nemi lokacin da babu kowa, da sanyin safiya misali, ko ku haɗu ku nemi a ware muku sa'a. Uwayenmu mata masu irin ciwonka su ma ya halatta gare su, a wurin da mata ne zalla, da sutura, kuma an amince babu mai ɗaukar hoto.

Sharaɗin da na fi jin tsoron ka raina shi ne na tsare rai. Hannunka bai manta iyo ba, amma numfashinka da zuciyarka ba na yaron Yawuri ba ne yanzu, jijiya kuma takan ɗaure wa mutum a tsakiyar ruwa babu sallama. Allah ya ce a Suratul Baƙara, aya ta 195, kada mu jefa kanmu ga halaka da hannunmu. Kada ka shiga kai kaɗai, ka tsaya inda ƙafarka take taɓa ƙasa, ka fara da tafiya a cikin ruwan kafin iyon. Sa rigar da take hana nutsewa ba abin kunya ba ne, masuntan Argungu da duk gwanintarsu a kan gora suke hawa. Mai ciwon zuciya, ko farfaɗiya, ko hawan jinin da bai daidaitu ba, ko mai ciwon suga da gyambo a ƙafa, ba ya shiga sai likitansa ya yarda. In likita amintacce ya ce akwai haɗari ga ransa, shigar ta haramta gare shi. In ka je gida kuma kada marmarin ƙuruciya ya ja ka cikin kogi ko dam, ban da igiyar ruwa akwai tsargiya.

Game da azumi, shiga ruwa shi kaɗai ba ya karya shi. Bukhari ya ambaci cewa Anas bin Malik yana da wani kwami da yake shiga alhali yana azumi. Amma a mazhabarmu ta Malikiyya, in ruwa ya kai maƙogwaro ta baki ko hanci ko kunne, ko da ba da gangan ba, akwai ramuwar wannan yini a azumin farilla, shi ya sa Imam Malik ya karhanta mai azumi ya nutsar da kansa. Mai iyo kuwa da wuya ya tsira daga kurɓa. A Ramadan ka mayar da shi dare, bayan abinci ya faɗa maka, ko ka taƙaita ga tafiya cikin ruwa iya ƙirji, kanka a waje.

Wallahu a'alam.