Shin dangin Cetotheriidae sun ƙare, ko da sauransu a teku?

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a fannin nazarin dabbobi. Littafinmu ya ce dangin Cetotheriidae, daga cikin dabbobin wel, wato manyan dabbobin teku masu shayarwa, waɗanda suke da rariya a baki ta tace abinci maimakon haƙora, sun ƙare tuntuni, amma na ga bidiyo ana cewa an gano suna nan da rai. Jarrabawa ta matso, kuma na fara tsoron ko duk rarrabewar nan ta dabbobi dangi-dangi shaci-faɗi ce. Wanne zan riƙa?

Amsa: Ki kwantar da hankalinki, domin ruɗanin yana da tushe. Masanin nan Johann Friedrich von Brandt ne ya raɗa wa wani wel na zamanin da sunan Cetotherium a 1843, bisa ƙasusuwan da aka tono a yankin Bahar Aswad, a 1872 kuma ya kafa dangin. Daga nan sama da shekara 100, duk wel mai rariya da aka haƙo aka rasa inda za a sa shi, sai a jefa shi cikin wannan dangi, har sunan ya rasa ma'ana. A 2006 Bouetel da de Muizon suka yi nazarin Piscobalaena nana daga ƙasar Peru, suka tsuke dangin, aka bar waɗanda suka yi tarayya a siffofi na gado kawai, musamman yadda ƙasusuwan baki suke kutsawa baya cikin ƙoƙon kai da yadda ƙashin kunne yake leƙowa ta gefensa. Waɗanda suka rage, irin su Cetotherium da Piscobalaena da Herpetocetus, ƙanana ne, akasarinsu ba su wuce mita 5 ba. Sun bunƙasa a zamanin Mayosin, wato kimanin shekara miliyan 23 zuwa miliyan 5 da suka wuce, suka ja baya lokacin da ƙanƙara ta fara mamaye arewacin duniya wajen shekara miliyan 3 da suka wuce, ruwan gaɓa ya riƙa hawa da sauka, abinci ya koma wurare masu nisa da juna, sai manyan wel masu juriyar doguwar tafiya suka yi rinjaye. Herpetocetus ya ɗan daɗe, don an samu ƙashinsa a Kaliforniya a duwatsun da shekarunsu suka kai wajen miliyan 1.

Bidiyon da kika gani ya samo asali ne daga aikin Fordyce da Marx na jami'ar Otago a 2013, inda suka kawo hujjar cewa Caperea marginata, ƙaramin wel mai tsawon kimanin mita 6 da ke tekunan kudancin duniya, ɗan wannan dangi ne. Binciken ƙwayoyin gado ya nuna Caperea ya fi kusa da dangin shuɗin wel fiye da dangin Balaenidae da aka daɗe ana haɗa shi da su, amma ƙwayoyin gado ba za su iya yanke hukunci a kan Cetotheriidae ba, tunda ƙashin da ya zama dutse ba ya riƙe su. Shi ya sa wasu masana har yanzu suke ware masa danginsa, Neobalaenidae. A jarrabawa ki rubuta ra'ayoyin biyu da hujjojinsu.

Abin da yake ci mini rai, wanda nake ji kusan kullum, shi ne yadda masu neman 'yan kallo suka mayar da wannan bincike labarin cewa dabbar da ta ƙare ta dawo, daga nan kuma su ce ashe ƙarewar halitta ba gaskiya ba ce, teku yana ɓoye kowa, har ƙaton kifin nan megalodon yana can ƙasa. Wannan ƙarya ce. Babu abin da ya dawo. An san Caperea tun ƙarni na 19, matsayinsa a rarrabewa kaɗai aka sauya, kuma ko da Fordyce da Marx sun yi daidai, Cetotherium da Piscobalaena da Herpetocetus sun tafi har abada. Idan gida mai yawan 'ya'ya ya ƙare, jika ɗaya ya rage, ba a cewa mamatan suna raye. Caperea kuma ba kakan kowa ba ne da ya tsaya cak. Zuriyar da ya fito daga cikinta tana da nata dogon tarihin, kamar yadda Miocaperea, ɗan'uwansa da aka haƙo a Peru mai shekara miliyan 7 zuwa 8, yake nunawa.

Haɗarin wannan magana ya wuce faɗuwa jarrabawa. Wanda ya yarda cewa teku yana ajiye duk abin da ya ɓace ba zai damu da abin da yake ɓacewa a gabansa ba. Wel mai launin toka ya ƙare a Tekun Atlantika tun ƙarni na 18, kuma Eubalaena glacialis na arewacin wannan teku bai kai guda 400 ba a yau, jiragen ruwa suna bankewa, igiyoyin kamun kifi suna shaƙewa. Shi ma wel ne mai rariya, kuma a duk danginsa, Balaenidae, nau'i 4 kacal suka rage.